3.4 Tsira Allura a Fatar Kai Don Magance Cututtukan Jijiya

A wannan kashi za a yi bayanin wata hanyar magani da ta samo asali daga ƙasar Sin, wato tsira allura a fatar kai. Ya kamata a lura cewa allurar da ake nufi ba irin ta asibiti ba ce wadda ake ɗura ruwan magani da ita. Siririyar ƙarfe ce kawai, ba ta shigar da komai cikin jiki, ba ta kuma fitar da jini.

3.4.1 Asalinta

Sinawa sun fi shekara 2,000 suna tsira allura a sassan jiki, amma wannan reshe na fatar kai sabo ne. Wanda ya fi shahara da shi shi ne Jiao Shunfa, wani likitan ƙwaƙwalwa a lardin Shanxi, wanda ya fito da tsarinsa a shekarar 1971. A 1973 kuma Toshikatsu Yamamoto ya gabatar da nasa tsarin a Japan. Ganin yadda tsare-tsare suka yawaita, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga daidaitattun sunaye a 1991, inda aka tsayar da layuka 14 a kan fatar kai. Sunaye kurum aka daidaita, ba shaidar warkarwa aka bayar ba.

3.4.2 Yadda Ake Yin Ta

Jiao ya gina tsarinsa ne a kan ilimin likitancin zamani. Tun a 1937 Wilder Penfield ya nuna cewa kowace gaɓa tana da mazauninta a saman ƙwaƙwalwa, sai Jiao ya zana wannan taswira a fatar da ke bisa wurin. Alal misali, layin motsi yana gangarowa daga tsakiyar kai zuwa gefen goshi, an kuma kasa shi kashi 5. Kashi 1 na sama na ƙafa ne, kashi 2 na tsakiya na hannu, kashi 2 na ƙasa kuwa na fuska da magana. Da yake ɓarin ƙwaƙwalwa na dama shi ke sarrafa ɓarin jiki na hagu, idan hannun hagu ya shanye, a gefen dama ake tsira allurar.

Akan shigar da ita a kwance ƙarƙashin fata, a riƙa murza ta da sauri, kimanin sau 200 a minti ɗaya, yayin da majiyyaci ke ƙoƙarin motsa gaɓar da ta mutu. An fi amfani da ita ga masu shanyewar ɓarin jiki, da masu ɗaukewar magana, da masu ciwon karkarwar jiki.

3.4.3 Matsayinta a Wurin Masana

A nan ne ra'ayi ya bambanta. Allurar ba ta taɓa ƙwaƙwalwa, domin ƙoƙon kai ya shiga tsakani. Masu yin ta suna ganin jijiyoyin fatar kai ne ke kai saƙo ciki, amma wannan hasashe ne. Haka kuma, a 2016 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 31 da suka ƙunshi mutum 2,257 a kan tsira allura gaba ɗaya ga masu shanyewar ɓarin jiki. Ta ga alamun amfani, sai dai ta ce hujjojin masu rauni ne. Bugu da ƙari, irin waɗannan majiyyata sukan sami sauƙi da kansu a watanni 3 na farko, don haka yana da wuya a bambance aikin allura da na lokaci.

A taƙaice, wannan hanya mataimakiya ce ga gashin jiki da atisaye, ba madadinsu ba. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki farat ɗaya, asibiti ya kamata a garzaya da shi, domin maganin narkar da gudan jini yakan yi amfani ne cikin awa 4 da rabi na farko. Kashi na gaba zai duba illolin da ke iya biyo bayan tsira allurar.