Jirgi Ba Daga Ƙofar Gida Yake Tashi Ba

Jirgin ƙasa ne ya mai da Kafanchan gari. Tun wajen 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu a nan, ɗaya ya yi Kaduna, ɗaya ya haura Jos. Jirgin sama kuwa sai dai mu ɗaga kai mu hango shi yana wucewa. Duk wanda zai hau shi daga kudancin Kaduna sai ya fara shiga mota: ko ya bi ta Kwoi zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe a Abuja, ko ya haura Filato zuwa filin Yakubu Gowon da ke Heipang, ko ya bi Zonkwa da Kachia da Kasuwan Magani zuwa Kaduna. Kowace hanya ya ɗauka, awa biyu ne zuwa huɗu, idan hanya ta yi kyau.

Wannan ne ya sa idan annoba ta ɓarke aka fara tambayar ko a hau jirgi ko kada a hau, nake ganin mun fara lissafi daga tsakiya. Awa guda da mutum zai yi a sama tsakanin Abuja da Legas ita ce ke cin hankalinmu, alhali sau da yawa ita ce mafi ƙarancin haɗari a duk tafiyar.

Tsoron jirgi dai ba banza ba ne. Ebola ta shigo Nijeriya ranar 20 ga Yulin 2014 a jikin Patrick Sawyer, wanda ya sauka Legas daga Laberiya. Mutum 20 suka kamu, takwas suka mutu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana shi ficewa daga asibiti. Korona ma ta jirgi ta zo: wani ɗan Italiya da ya taso daga Milan, aka tabbatar yana ɗauke da ita ranar 27 ga Fabrairun 2020. Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya dawo daga Jamus a watan Maris, ya rasu ranar 17 ga Afrilu. A jiharmu ma, mutum na farko da aka tabbatar ya kamu shi ne Gwamna Nasir El-Rufai, ranar 28 ga Maris, har ragamar yaƙi da cutar ta koma hannun mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe, 'yar Sanga, wadda dama likita ce. Ganin haka mutanen kasuwa suka yanke hukunci cewa cutar manya ce, ta masu hawa jirgi, talaka ba ruwansa.

Jirgi ya kawo ta, gaskiya ne. Amma bayan an rufe filayen jiragen ƙasa da ƙasa ranar 23 ga Maris, cutar ba ta tsaya ba. Mota ta hau. Cikin almajiran da aka kwaso daga Kano zuwa Kaduna a watannin Afrilu da Mayu an sami da dama masu ɗauke da ita, kuma ba jirgi ne ya kwaso su ba. Haka aka yi a 1918: jirgin ruwa ne ya sauke murar nan mai kisa a Legas a watan Satumba, layin dogo da ƙafar fatake suka raba ta ƙasa baki ɗaya.

To me ke faruwa da iskar cikin jirgi? Mutane da yawa sun ɗauka akwati ne rufaffe, kowa na shaƙar numfashin kowa har a sauka. Ba haka ba ne. A manyan jiragen zamani kusan rabin iskar daga waje ake janyo ta, sauran rabin kuma sai ta bi ta matatar da ake kira HEPA, irin wadda ake sawa a ɗakin tiyata, mai kama fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a iska. Ana sabunta iskar sau 20 zuwa 30 a awa guda. Daga sama take saukowa ta fita ta ƙasan kujeru, ba ta tafiya daga kan jirgi zuwa wutsiya. Ofis da aji da majami'a da masallaci, babu wanda ya kai wannan. Sai dai wasu ƙananan jirage da tsofaffi ba su da wannan matata.

Matsalar ita ce matata ba ta tace abin da bai kai gare ta ba. Idan maƙwabcinka na kujera ya yi tari, kai za ka fara samu kafin ita. A farkon Maris 2020 wata mata ta hau jirgi daga Landan zuwa Hanoi tana tari da ciwon maƙogwaro, tafiyar awa goma, lokacin ba a tilasta takunkumi ba. Masu bincike sun gano mutum 15 da ake ganin daga gare ta suka ɗauka, 12 daga cikinsu a sashen manya inda ta zauna. Tsadar kujera ba ta kare su ba; kusanci da tsawon zama ne suka yi aiki. Akwai kuma wani tsohon labari daga Alaska ta Amurka a 1977. Injin jirgi ya lalace kafin tashi, aka ajiye mutum 54 a ƙasa tsawon awa uku, an kashe na'urar iska, ga mai mura guda a ciki. Cikin kwana uku kashi 72 cikin 100 sun kwanta. Wanda ya san yadda ake jinkirta tashin jirgi a ƙasar nan, a bar mutane cikin zafi suna fifita da takardar shiga, ya san wannan labari bai yi mana nisa ba. Lokacin shiga da lokacin fita, da zaman jira a ƙasa, da motar da ke kwasar fasinja zuwa gindin jirgi, nan ne takunkumi ya fi amfani, kuma nan ne mutane suka fi sauke shi haɓa.

Yanzu mu koma tashar mota a Kafanchan da asuba. Sharon ce ko Golf, biyu a gaba, huɗu a baya, gwiwa na gugar gwiwa. Idan lokacin hunturu ne kowa zai ce a ɗaga gilashi saboda sanyi da ƙura. Wani ya rungumi jakarsa yana atishawa, ya ce ai murar sanyi ce. Direba ba zai tashi ba sai mota ta cika, kuma idan ka ce a sauke gilashi kaɗan, wata uwa mai goyo za ta harare ka. Awa uku ke nan a cikin iskar da ba a tacewa, ba a sabuntawa. Wanda ya sha wannan, ya isa Abuja ya sa takunkumi biyu don hawa jirgi, an gudu ba a tsira ba.

Wanda kuma ya ce don gudun jirgi zai bi motar dare zuwa Legas ko Fatakwal, ya sayi yini guda ko fiye cikin mutum hamsin, da tsayawa cin abinci a inda kowa ke tsayawa, ga haɗarin hanya, ga masu garkuwa da mutane. Ba zancen wasa ba ne a jihar da aka kai wa filin jirginta hari ranar 26 ga Maris 2022, bayan kwana biyu aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Idan tafiya mai nisa ta zama dole, a ganina jirgin sama ya fi doguwar mota ko a cikin annoba. Abin da za a gyara shi ne guntun hanyar da ke tsakanin gida da filin jirgi: a ɗauki shatar mota idan da hali, ko a biya kuɗin kujera biyu a gaba, a bar gilashi a buɗe ko da ɗan yatsa biyu ne, a sa takunkumi mai kama fuska irin N95 maimakon ƙyallen atamfa da ke lilo.

Amma kafin wannan duka, tafiyar dole ce? A nan ne magana ke yin nauyi, domin mu mutane ne da zumunta a ƙafa take. Disamba ta yi, 'yan Legas da Abuja da Ingila suna dawowa Kirsimeti, ga bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ga bukukuwan aure da aka tara sai ƙarshen shekara. Zagaye na biyu na korona a Nijeriya a daidai wannan lokaci ya taso, Disamban 2020 zuwa Janairun 2021. Jana'iza ta fi kowanne wuya. Yarinya tana aikin jinya a Ingila, kakarta ta rasu, ta kira gida tana kuka: “Mama, in ban zo ba me dangi za su ce?” Uwar da ta san abin da ake ciki za ta ce, “'Yata, zauna. Babanki na da ciwon suga. Wanda ya tafi ya tafi, kada mu ƙara wani.” Ba kowace uwa ke iya faɗin haka ba, kuma ban ga laifin wadda ta kasa ba. Sai dai lissafin gaskiya shi ne wannan: matashi mai lafiya yakan warke, wanda yake zuwa runguma a ƙauye shi ne abin ji. Tsoho, da mai hawan jini, da mai suga, da mai asma, da mai ciki. A tambayi kai kuma, idan numfashi ya sarƙe wa Baba da tsakar dare a wani ƙauyen Kaura ko Jaba, awa nawa ne zuwa gadon da ke da iskar oksijin? Ko babban asibitin da ke Kafanchan, ba mutanen gari ɗaya yake ɗauka ba.

Addinan da muke bi ba su bar mu cikin duhu ba. Musulmi sun san umarnin Annabi (SAW) na kada a shiga ƙasar da annoba ta faɗa, kuma na ciki kada ya fita, sun kuma san Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham saboda haka. Kirista sun san dokar keɓe mai cuta kwana bakwai a Littafin Firistoci. Aikin Hajji kansa ya jira. A 2020 da 2021 Saudiyya ba ta karɓi alhazan waje ba, kuma a 2022 ta buɗe ne ga 'yan ƙasa da shekara 65 masu rigakafi, aka ba Nijeriya kujeru kusan 43,000 maimakon 95,000 da aka saba. Tun a 1996 ma an taɓa dakatar da maniyyatan Nijeriya saboda sanƙarau. Masu ziyarar ibada na Kirista kuwa, da Isra'ila ta rufe ƙofa, Jodan aka kai su a 2021. Idan waɗannan sun iya jira, taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ma zai iya. Mai neman magani a waje, ko ɗalibin da gurbinsa zai salwanta, ko ɗan kasuwar citta da kwantiraginsa ke gab da rushewa, nasu daban ne, kuma babu mai yanke musu hukunci daga nesa.

Akwai wani haɗari da ba a cika ambata ba, shi ne a tafi a kasa dawowa. Waɗanda rufewar Maris 2020 ta rutsa da su a waje, in ban da 'yan kaɗan da aka kwaso a jiragen musamman, sai 5 ga Satumba aka buɗe musu hanya. Jiragen cikin gida ma sai 8 ga Yuli suka fara tashi tsakanin Abuja da Legas. Da nau'in korona na Omikron ya ɓulla, Birtaniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta yi wa jan layi daga 6 ga Disamba 2021. Mazaunin can da ya zo gida hutu, in zai koma sai ya biya fam 2,285 na killacewa a otal. Bayan kwana tara aka soke dokar, amma wanda ya biya ya biya. Gwajin PCR da aka wajabta wa matafiya a nan gida yana cin naira 40,000 zuwa 50,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Saboda haka mai shirin tafiya ya sayi tikitin da za a iya sauya wa rana, ya riƙe guzurin makonni fiye da yadda ya tsara, ya ɗebi maganin da yake sha kullum da rara, ya duba dokar ƙasar da zai je da ta ƙasar da zai ya da zango, a daren tafiya ma ya sake dubawa.

Kada kuma takardar gwaji ta ruɗe mu. Tana faɗin halin da mutum yake ciki ranar da aka ɗebi majinarsa ne kawai. Abin da ya ɗauka a tasha ko a layin tantance fasfo ba zai nuna ba sai bayan kwanaki, domin korona takan yi kamar kwana biyar a jiki kafin ta bayyana, wani lokaci har sati biyu. Na'urar auna zafi da ake nuna wa mutane a goshi ba ta kama wanda bai fara zazzaɓi ba, ba ta kama wanda ya haɗiyi Panadol a mota ba. Wanda ya san jikinsa ba daidai ba ya rufe da magani ya hau jirgi, ko ya sayi takardar jabu, ya ci amanar duk wanda ya zauna kusa da shi. Kowace annoba kuma da hanyarta: daga mutum zuwa mutum, Ebola da zazzaɓin Lassa jini da ruwan jiki suke bi, korona da mura iska suke bi. Sanin wannan daga bakin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ko ma'aikacin lafiya, ba daga saƙon WhatsApp ba, shi zai nuna irin kariyar da ta dace.

Saura dawowa, wadda ita muka fi sakaci da ita. Baƙo ya sauka, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, yara na hawa jiki, a ci a kwano ɗaya, gobe a tafi majami'a yin godiya ko a zauna karɓar masu taya Alhaji murna. Tun kafin a sayi tikiti ya kamata a shirya wannan da mutanen gida: wane ɗaki matafiyi zai sauka, mai taga da ake buɗewa, gaisuwa a tsakar gida ko ƙarƙashin mangwaro, ba a ƙuryar ɗakin Kaka ba, walima da godiya a ɗaga su zuwa bayan kwanakin da hukumar lafiya ta ƙayyade. Idan gidan ba shi da ɗakin da za a ware, a kwana wajen ɗan'uwa a cikin gari tukuna kafin a ƙarasa ƙauye. Idan kuma zazzaɓi ko tari ya taso cikin waɗannan kwanaki, a kira ma'aikacin lafiya a waya kafin a je asibiti, a gaya masa inda aka fito, da ranar da aka sauka, da lambar jirgi da ta kujera, domin da su ake bin sawun waɗanda aka zauna tare.