Tsatsar Gangar Birki: Inda Fenti Ya Ke Da Amfani Da Inda Ya Ke Da Hatsari

Wannan bayani an shirya shi ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda a ke kai motocinsu gyara a garejojin Fagge da Sabon Gari. Abin da za a yi magana a kai ƙarami ne a ido, amma fa rayukan mutane na rataye da shi.

Mece ce gangar birki?

In an kwance ƙafar mota ta baya, a kan tarar da wani ƙarfe mai nauyi, mai siffar akushi a kife, wanda ya ke juyawa tare da ƙafar. Shi ne gangar birki. A cikinta akwai takalma biyu masu lanƙwasa. Sa'ad da direba ya taka birki, sai man birki ya tura takalman nan su matse cikin gangar, gugar da su ke yi ita ke tsai da mota. Wani Bafaranshe, Louis Renault, shi ya fito da irin wannan birki a shekarar 1902. Motoci da yawa na yanzu faifai ne da su a gaba, amma ganga na nan a ƙafafun baya na ƙananan motoci da yawa, da akori-kura, da manyan motoci, da kuma A Daidaita Sahu.

Me ke kawo tsatsa?

Da ƙarfen zubi a kan ƙera gangar, shi kuwa da ya haɗu da ruwa da iska sai ya yi tsatsa. A Kano ruwan sama ya kan yi ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba, ya fi yawa a Agusta. Duk wanda ya san Fagge da Sabon Gari ya san yadda ruwa kan kwanta a tituna bayan an ɗauke, kafin ya gangara Jakara. Motar da ta ratsa ruwan nan, a ka ajiye ta kwana biyu, sai ka ga ganga ta yi ja.

To, tsatsa iri biyu ce. Wadda ta ke sama-sama a bayan ganga muni kawai ta ke jawowa, gama ƙarfen na da kauri. Ɗan jan da ya kan bayyana a ciki bayan ruwa kuwa, takalma kan share shi da an taka birki sau kaɗan. Amma tsatsar da ta ci ƙarfe har ya na ɓamɓarewa, ko ta yi ramuka, ko ta manne takalma da ganga don mota ta daɗe a ajiye da birkin hannu a ja, wannan fenti ba ya maganinta. Sai gyara ko canji.

Wurare uku da fenti ba zai taɓa ba

Na ɗaya, cikin ganga inda takalma ke guga. Fenti a nan ya kan narke da zafi ya shafe takalma, direba ya taka birki mota ta ƙi tsayawa.

Na biyu, fuskar da ƙafar mota ke zama a kai. In an lafta fenti a wurin, za a ɗaure notuna a ji sun yi tsam, amma da fentin ya ji zafi ya motse sai notuna su saki. Ƙafa na iya ficewa mota na cikin gudu.

Na uku, ramukan kusoshi da zaren kusoshin kansu.

Yadda a ke yin aikin

1. A tsai da mota a wuri mai daidai, a sa giya, a tokare ƙafafun gaba. In ƙafar baya za a kwance, sai a saki birkin hannu, in ba haka ba ganga ba za ta fita ba.

2. A sassauta notuna, a ɗaga mota, sa'an nan a tokare ta da abin tokara na ƙarfe ko katako mai ƙwari. Kada a dogara da jak kaɗai, kada kuma a sa bulo, domin ya kan farfashe ba zato.

3. Kada a hure ƙurar da ke cikin ganga da baki ko da iskar famfo. Takalman dā, har da waɗansu na yanzu, da asbestos a ke yinsu, shaƙarsa kuwa na kawo cutar huhu da kansa bayan shekaru masu yawa. A jiƙa tsumma a goge, yaran gareji su rufe hanci da baki.

4. A duba gangar a cikin haske. In akwai tsaga, a yar da ita. In takalma sun yi mata zurfin layi, a auna faɗin cikinta. Masu ƙerawa kan rubuta iyakar faɗin a jikin gangar; in ta wuce wannan, ta ƙare aiki. Kuma biyu-biyu a ke canzawa, dama da hagu, don kada mota ta riƙa ja gefe guda. In an ga danshin mai a ciki, birki na yoyo, a gyara shi tukuna.

5. A kankare bayan ganga da buroshin waya, a bi da takarda mai yashi, a goge da tina. Kada a wanke da kananzir ko man gas, gama su kan bar maiƙo.

6. A rufe wuraren nan uku da takarda da salatif.

7. A yi amfani da fenti mai jure zafi, irin na inji ko na salansa. Ganga kan yi zafi fiye da digiri 200 in an matsa wa birki, watau ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa. Fentin ƙofa ba zai jure ba. A shafa shi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, a na barin kowane ya sha iska. A shanya a inuwa inda ƙura ba ta kai ba, musamman da hunturu.

8. A mai da ganga, a daidaita takalma, a ɗaure notuna a gicciye. A gwada birki a hankali kafin a hau babban titi. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 a sāke matse notuna.

Gargaɗi wajen saye

Sabon Gari ta kafu ne bayan zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, tun daga nan ita da Fagge su ka zama matattarar kayan kanti da masu sana'ar hannu. Akwai gwanayen makanikai a cikinsu, akwai kuma kayan gyara sababbi da tsofaffi, har zuwa Ƙofar Ruwa. Amma mai saye ya lura: tsohuwar ganga in ta sha baƙin fenti ta kan yi kama da sabuwa. Wannan kyan ɗan maciji ne. A juya ta a duba ciki, a rataye ta a ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayyiya kan yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarta a dushe ta ke. Haka nan in za a sayi tsohuwar mota, sheƙin fenti ba shaidar lafiyar birki ba ne.

Abin da a ke roƙon hakimai da malamai

Malamin hakimi ya buɗe littafi don kowace mota, ya riƙa rubuta ranar da a ka duba birki, da abin da a ka canza, da kuɗin da a ka biya. A duba birki kafin damina da bayanta, da kuma kafin fita rangadi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Hakimai su isar da wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni da shugabannin direbobi na tashoshin ƙasarsu. Ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda a ka kafa a 1988, na iya tsai da mota a hanya, amma ba su iya ganin abin da ke cikin ganga. Mai mota da makanikinsa su ne ke gani, su ne kuwa amanar fasinja ke wuyansu.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.