Kalkuleta mai zana giraf ko manhajar waya: wanne ya kamata ɗalibi ya riƙe?

Yau maganar lissafi za mu yi, amma kar kowa ya gudu.

Tambayar da ɗalibai 'yan aji shida suke yawan turo min daga Isa da Sabon Birni ita ce: wai dole ne sai an sayi irin kalkuletar nan mai zana giraf, kamar TI-84 ta kamfanin Texas Instruments? Ni dai a ganina a'a. Tana da tsada, ba ta samuwa a kasuwanninmu, kuma aikin da take yi wayar da ke aljihunka za ta yi shi kyauta.

Manhajoji biyu nake ba da shawara. Desmos, wadda Eli Luberoff ya kafa a Amurka a 2011, da GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Ostiriya a 2001. Gwada wannan a Desmos: rubuta y = x² − 4. Nan take za ka ga layi ya lanƙwasa kamar ƙwarya, ya yanka layin x a 2 da −2, wato amsoshin da malam yake sa ka nemo a allo. Sai ka goge 4 ɗin ka sa 9. Ƙwaryar za ta ƙara nutsewa ƙasa, amsoshin su koma 3 da −3. Wallahi abin da aka yi mako ana bayani, a minti biyar sai ka gan shi da idonka. GeoGebra kuwa ta fi ƙarfi wajen kusurwa da da'ira.

To ga inda namu ya bambanta da na ɗan Abuja. Kowa ya tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Ko yanzu sabis ɗin sai a hankali. Don haka kafin ka amince da kowace manhaja, kashe data ka buɗe ta. In ta ƙi aiki, goge ta. Desmos da GeoGebra duk suna zana giraf ba tare da intanet ba, in dai ka riga ka sauke su.

Masu ɗaukar hoton tambaya su ba ka amsa, irin su Photomath, ka yi hattara. Daɗi gare su, amma ranar jarrabawa ba sa biyo ka.

Wannan shi ne babban abin. WAEC da NECO da JAMB duk sun hana shiga ɗakin jarrabawa da waya, in aka kama ka da ita sakamakonka na iya tafiya. A JAMB akwai ƙaramar kalkuleta a kan allon kwamfutar. A WAEC kuwa ta hannu ake amfani da ita, wadda ba a loda mata komai. Saboda haka ko ka iya Desmos kamar me, nemi ta hannu ko da aro ne, yatsunka su saba da maɓallanta tun watanni kafin jarrabawa. In saya za ka yi, tafi da wanda ya san ta, don jabun Casio sun yi yawa a kasuwa.

Wanda ya gwada y = x² − 4 ɗin ya turo min hoton abin da ya fito masa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.