Me ya sa rubutun da ka kwafa daga intanet ke zuwa da gyara?

Kwafar rubutu da liƙa shi a wani wuri na daga cikin ayyukan da muka fi yi da kwamfuta ba tare da tunani ba. Larry Tesler da Tim Mott ne suka shigar da wannan dabara a cibiyar binciken Xerox PARC da ke Amurka a shekarun 1970. Amma har yau, mai son ɗauko jimla guda daga shafin intanet yakan sha fama: ya ja linzamin kwamfuta kaɗan, sai rabin shafi ya yi shuɗi har da talla, ko ya liƙa lambar asusun banki, a ce masa ba daidai ba ce.

Tushen matsalar shi ne abin da ido ke gani a burauza daban yake da abin da ke ajiye a ƙarƙashi. Shafi kamar zanen ɗinki ne, fuska sumul, baya kuwa zare ya sarƙe. Ana rubuta shafuka da HTML, tsarin da Tim Berners-Lee ya fito da shi a cibiyar CERN farkon shekarun 1990, sannan wani tsari mai suna CSS ya jera kowane sashe inda mai shafin ya so. Burauza na bin jerin rubutun na asali wajen zaɓe, don haka sakin layi biyu da ke maƙwabtaka a allo suna iya zama nesa da juna a ciki, kuma duk abin da ke tsakaninsu sai ya biyo ka.

Akwai kuma alamomin da ba sa bayyana: tazarar da ke hana kalma tsallakawa sabon layi, da wadda ba ta da faɗi ko kaɗan. Su ne ke ɓata kalmar sirri ko lambar da aka kwafa. Wasu shafukan da gangan suke hana zaɓen rubutu, wasu kuma su cusa adireshinsu a ƙarshen abin da ka ɗauka.

Masu karanta Hausa na da nasu ƙarin ciwon kai. Tsofaffin salon haruffan da aka yi amfani da su kafin Unicode ya bazu sun ɗora haruffa masu lanƙwasa kan gurbin wasu alamomi. Shi ya sa idan aka kwafo tsohon rubutu ake ganin "}asa" a madadin ƙasa, "]aya" a madadin ɗaya.

Akwai dabarun rage wahalar. Danna sau biyu yana zaɓar kalma, sau uku sakin layi. Danna farkon jimla, ka riƙe Shift, ka danna ƙarshenta, za ka samu iya abin da kake so. Maɓallin F7 a Firefox da Chrome yana sa alamar rubutu cikin shafin, ka riƙe Shift ka riƙa zaɓa harafi-harafi da kibiyoyi. Wajen liƙawa, Ctrl da Shift da V suna zubar da launi da ado.

Idan kuwa lambar asusu ce ko umarnin da za a ba kwamfuta, fara liƙa shi a Notepad ka karanta a tsanake. 'Yan damfara kan sauya abin da aka kwafa a ɓoye, kuma kuɗin da ya tafi asusun da ba shi ba, dawo da shi sai an sha wuya.