Dungas: ɗa na kowa ne, amma laifi na uwa

A ƙasar Dungas, cikin jahar Damagaram, idan yaro ya yi rashin kunya a bakin rijiya ko a kasuwa, ba a tambayar sunan ubansa. Tsofaffi cewa suke: «Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.» Da wannan magana an gama shari'a, kuma uwa ce ta sha kaye ba tare da an kira ta ba.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan hukunci ba. Mutanen Shona na ƙasar Zimbabuwe suna da karin magana mai cewa akuyar da ke cin ganyen wani icce, uwarta take kwaikwayo. Suna kuma cewa «musha mukadzi», ma'ana mace ita ce gida. Nisan ƙasashen biyu bai hana bakinsu zama ɗaya ba: halin ɗa daga uwa yake fitowa.

Sai dai magabata ba su ɗora wa uwa wannan kaya ita kaɗai ba. Su ne suka ce «ɗa na kowa ne», kuma suka tsara al'ada a kan haka. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari saboda kunya, sau da yawa ma kakanni ke riƙe shi. Ranar yaye, gidan kaka ake kai yaro har ya mance nono. Goggo takan ɗauki ɗiyar ɗan'uwanta riƙo har ta aurar da ita. Maƙwabci kuwa in ya tsawata wa yaro, godiya ake yi masa, ba ƙara ake kai shi wurin mai gari ba. Saboda haka aka gargaɗi iyaye: «Ka ƙi naka duniya ta so shi.» Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma hannuwa da yawa ke tanƙwarawa.

Yau ina waɗannan hannuwa? Dungas, wadda aka cire daga Magariya ta zama gunduma a 2011, tana bakin iyaka da jihar Jigawa. Da zarar an gama sussukar gero, magidanta da yawa sun kama hanyar Maigatari da Kano cin rani, sai damina ta gabato. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa fiye da 7 a tsakaici, kuma jahar Damagaram na cikin waɗanda ke kan gaba. Uwa ce za ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta nemi cefane. Don haka take aza wa ɗiyarta faranti ta tafi talla lokacin da mushe ke jiranta a lakwal, duk da dokar da gwamnati ta sa wa hannu a 2017 domin riƙe ƴan mata a makaranta har shekara 16.

Ɗan kasuwar da ke kwana a hanya da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki nesa da danginsa sun san wannan hali, ko da ba su faɗi ba. Wasunsu ma, yarinyar da ke goyon ƴaƴansu a Damagaram ko Yamai daga irin waɗannan ƙauyuka aka kawo ta, tana da shekara 10 ko 12, kuma in ta yi kuskure, uwarta da ke can ƙauye ake zagi.