Rumfar Kallo a Tsaunin Dovre: Ginin da Ya Ɗauki Siffar Dutse

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu yi balaguro zuwa ƙasar Norway, can arewacin Turai, mu hau tsaunukan Dovre, inda aka gina wata rumfar kallo da ta yi suna a duniyar masu zanen gine-gine.

Rumfar tana kusa da ƙauyen Hjerkinn, a kan tudun Tverrfjellet, kimanin mita 1,200 daga matakin teku. An buɗe ta a 2011. Kamfanin Snøhetta ne ya zana ta, wato kamfanin da ya zana sabon ɗakin karatu na Iskandariya a Masar. Girmanta bai wuce murabba'in mita 90 ba. To me ya sa ƙaramin gini irin wannan ya ja hankalin duniya?

(Gajeren kiɗa)

Idan ka hango ta daga nesa, kamar akwati ne na ƙarfe mai kusurwa huɗu. An bar ƙarfen ba fenti, ya yi tsatsa, launinsa ya saje da na duwatsun wurin. Ɓangaren da ke fuskantar ƙololuwar wani tsauni da shi ma ake kira Snøhetta, mai tsayin mita 2,286, gilashi ne daga sama har ƙasa.

Sai ka shiga ne za ka ga abin mamaki. Bangon ciki na katako ne, yana lanƙwasa yana lotsawa, nan ya zama wurin zama, can ya zama majingina. Masu zanen sun kwaikwayi yadda iska da ruwa ke cin dutse da ƙanƙara shekara da shekaru har su yi sumul. Duk wanda ya taɓa zama cikin kwarmin da ruwa ya ƙwaƙule a duwatsun Kufena da ke Zariya, ya san irin wannan siffa.

Yaya aka yi aikin? Da farko an tsara siffar a kwamfuta. Daga nan aka miƙa wa masu ƙera jiragen ruwa na yankin Hardanger, mutanen da suka gaji lanƙwasa katako kaka da kakanni. Suka sa injin sassaƙa mai bin umarnin kwamfuta ya feƙe manyan gungumen katako ɗaya bayan ɗaya, sannan aka harhaɗa su da ƙusoshin katako irin na dā. Ɓangaren katakon da ke fuskantar waje an shafe shi da kwaltar itace saboda ruwa da sanyi. A ciki kuma an rataya murhu don baƙi su ji ɗumi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ba ado kaɗai ne ya sa aka yi ginin ba. Dovre na cikin wurare kaɗan a Turai da har yanzu barewar ƙasar sanyi ke yawo a daji ba makiyayi. Dabba ce mai tsananin tsoron mutum. Da ta ji ƙanshinsa sai garke ya watse, ya bar kiwo. Yankin ya sha wahala a baya: akwai mahaƙar ma'adinai da aka rufe a 1993, akwai kuma filin atisayen soja da majalisar ƙasar ta yanke shawarar rufewa a 1999 don a mayar da shi daji.

Saboda haka wata cibiya mai kula da barewar ta nemi a yi wurin da zai tara maziyarta waje guda. Ana ajiye mota a ƙasa, a taka kilomita ɗaya da rabi a kan hanya ɗaya, a zauna a yi kallo, a koma. Mutane sun more, dabbobi sun huta.

Tambayar da za mu bar muku ita ce: idan za a yi wa Dutsen Dala ko Kufena wurin kallo, wace siffa ya kamata ya ɗauka, kuma me ya kamata ya kare? Muna jiran ra'ayoyinku.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako na gaba idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)