Ɓurɓushin Sukari da ke Ɓata Rubutun Gado

Mai ciwon suga ya saba da lambar da na'ura ke nunawa bayan an tsira masa allura a yatsa. Wannan lamba ta sukarin da ke yawo a jini ce. Akwai kuma abin da ke faruwa bayan sukarin ya shige cikin ƙwayoyin halitta, inda na'urar ba ta leƙawa.

Kowace ƙwayar halitta tana farfasa wannan sukari, wato gulukos, a matakai 10 don ta samu kuzari. A tsakiyar aikin sukarin yakan rabu gida biyu, kuma ɗan kaɗan daga waɗannan gutsattsari, abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, yakan zame ya rikiɗe ya zama wani sinadari mai suna metilgilayoksal. Jikin mai ƙoshin lafiya ma yana samar da shi dare da rana, kamar yadda murhun itace ba ya rasa hayaƙi.

Matsalarsa naci. Ya fi gulukos saurin manne wa abubuwa sau dubbai. Irin wannan mannewa ta sukari da furotin ce Bafaranshen nan Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, ita ce kuma ke ba tsire da ɓawon burodi launinsu. A jiki abin yana tafiya a hankali, ba tare da wuta ba.

Bayanin gado da ke cikin DNA a rubuce yake da haruffa huɗu: A, T, G da C. Metilgilayoksal ya fi sa wa G ido. Idan ya manne masa, siffar harafin takan sauya, sai ranar da ƙwayar za ta rabu biyu a zo kwafar rubutun a kasa karanta wurin daidai, a sa wani harafi dabam. Daga nan kuskuren ya zauna, duk ƙwayar da ta fito daga wannan za ta gaje shi. Wani lokaci ma yakan ɗaure DNA da furotin, ko ya jawo zaren ya tsinke.

Jiki bai zauna hannu rabbana ba. Tun 1913 masana suka gano gilayoksales, sinadarin da ke kama wannan guba da taimakon wani sinadari mai suna gulutatayon ya mayar da ita abin da ba ya cutarwa. Sai dai kowane ma'aikaci da iyakar ƙarfinsa. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin hanyoyin jini, da na ƙoda, da na ido, da na jijiyoyi, ba su iya rufe ƙofa idan sukari ya yi yawa a jini, sai metilgilayoksal ya taru a cikinsu har ya fi ƙarfin gilayoksales. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa waɗannan gaɓoɓi ne ke fara kokawa a ciwon suga da ya daɗe ba kulawa.

A 2024 ayarin Farfesa Ashok Venkitaraman na Jami'ar Ƙasa ta Singafo ya wallafa bincike a mujallar Cell da ya ƙara wa zancen nauyi. Sun nuna cewa metilgilayoksal yana lalata furotin ɗin BRCA2 na ɗan lokaci, wanda aikinsa gyaran DNA ne da tsare jiki daga sankara. Wato ya yi ɓarna, ya kuma kori mai gyara. Abin ya fi tsanani a ƙwayoyin da suka gaji BRCA2 mai rauni, irin na iyalan da sankarar mama ke bi. A ɗakin gwaji aka ga haka, don haka kada mai ciwon suga ya ɗauka an yanke masa hukuncin sankara.

A ganina, abin dubawa a nan shi ne daɗewar sukari a sama wata da watanni, fiye da kofin shayin safiya guda. Gwajin HbA1c ne ke nuna wannan, domin yana auna sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini cikin kusan wata uku. Maganin metfomin kuwa, da ake ba masu ciwon suga da yawa, an ga yana rage metilgilayoksal a jininsu ban da sauke sukari da aka san shi da shi.